Mai gida ya ba ni wata ɗaya in tashi, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas. Ina haya a Agege, ɗaki da falo, kuɗin shekara nake biya, rasit ɗina duk suna hannu. Kwatsam ejan ya zo ya ce an ninka haya, kuma na shekara biyu ake so a dunƙule. Da na ce ba ni da hali, sai ga takardar tashi ta wata ɗaya an liƙa min a ƙofa, har rijiyar burtsatsen gidan aka saka wa kwaɗo.

Abin da na sani, dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar kuɗin da ya wuce na shekara ɗaya, kuma mai biyan shekara wa'adin wata shida ake ba shi kafin ya tashi. Agege ba ta cikin unguwannin da aka keɓe daga wannan doka irin su Ikoyi da Apapa. Amma ejan ya dage wai sabon ƙudirin da aka kai majalisar jiha ya shafe wannan.

Matsalata ita ce ba mu da yarjejeniya a rubuce, baki da baki muka yi. Rasit kaɗai zai wadatar a kotun majistare? Ko in fara da ofishin sasanci na gwamnati? Yarana uku suna makaranta a unguwar, don Allah wanda ya taɓa bi ta nan ya nuna min hanya.