Muhawara: Ko Yahudawa na da gurbi a fannin tauhidin Littafi Mai Tsarki?

Malam Istifanus: Ni dai ina kan bakana. Wannan fanni na Kiristoci ne tun tushensa. Masanin tauhidi Johann Gabler ne ya aza harsashinsa a Jamus a 1787, Furotesta kuma suka raine shi. Ko Jon Levenson na Harvard, Bayahude ne fa, a 1987 ya rubuta dalilan da suka sa Yahudawa ba su damu da shi ba.

Rahila: Baba, a gafarce ni, ai dalilan nasa su ne abin dubawa. Masanin Furotesta Eichrodt ya ce alkawari ne cibiyar Tsohon Alkawari, kuma akasarin masu neman cibiya ɗaya a Sabon Alkawari suke ɓullewa. Bayahude ya shiga ya yi me? Tanak, wato Littafi Mai Tsarki nasu, littattafai 24 ne, kuma ba da littafin Malakai yake ƙarewa kamar Tsohon Alkawarinmu ba, da Tarihi na biyu ne, inda Sairus, sarkin Farisa, ya ba da izinin komawa Urushalima a gina Haikali. Wanda karatunsa ya tsaya nan, dole tambayoyinsa su bambanta da namu.

Malam Kabiru: Rahila ta yi gaskiya. Sannan ba sa karanta Attaura ita kaɗai. Sharhin malamansu na dā, Rashi da Ibn Ezra, yana nan a gefen shafi, kamar yadda mu ba ma raba aya da tafsirinta.

Malam Istifanus: Yauwa, Malam, ka taimake ni. Da zarar an shigo da Rashi da Talmud, kundin koyarwar malamansu, ya zama tauhidin Yahudanci, ba na littafin ba. Raba su ne aikin da Gabler ya nema.

Rahila: Baba, wa ya taɓa raba su da gaske? Von Rad, masanin Tsohon Alkawari na Jamus, da idon coci ya karanta, ba wanda ya kore shi daga jami'a. Kuma masanan Yahudawa sun riga sun fara aikin: Goshen-Gottstein a Urushalima ya yi kira gare shi, Marvin Sweeney ya fitar da littafinsa a 2012. Benjamin Sommer cewa ya yi a bar muryoyin da ke cikin Tanak su yi jayayya. Maimaitawar Shari'a ta ce biyayya na kawo albarka, Ayuba ya ce shi adali ne ga shi cikin toka. Ba a danne ɗaya don ɗayan ya yi magana. Wannan ya taɓa zuciyata ƙwarai.

Malam Istifanus: Na yarda akwai aiki, 'yata. Amma fannin da ba ya neman haɗa kan littafin, ni tarihin fassara nake ganinsa, ba tauhidi ba.

Malam Kabiru: To a tambayi Ayuba ko jayayya da Allah tauhidi ce.