Matsinci ɗaya ga shafi hamsin: a wanke shi ko a sake sabo?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum. Na rubuta ƙaramin shiri da Python, ina tsinto farashin gero da wake daga shafukan intanet 50 da HTMLParser, wato matsincin Python mai karanta rubutun shafi. Matsinci ɗaya na yi, ina ta ba shi shafuka da feed(). Shafin farko lafiya lau, na biyu ya fito da nasa farashin haɗe da na farko. Wani a aji ya ce wai haramun ne a maimaita matsinci. Haka ne?

Mai shagon kwamfuta: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, ƙanena. Kowane shafi da sabon matsincinsa, ka huta.

Malama: Haramun kuma? To don me aka yi reset(), mai wanke matsinci? Ɗan Bagalam, ka kira close() mai kammala karatu bayan kowane shafi, sannan reset(), shi ke nan.

Ɗan Bagalam: Na sa reset(), Malama. Har yanzu wake na cikin gero.

Malama: Turo mu gani.

Malama: Yawwa, na gani. A cikin __init__, wato sashen da ke aiki lokacin ƙera matsinci, ka buɗe jerin farashinka. reset() abin da ke cikin HTMLParser kaɗai yake sharewa: guntun rubutun da bai gama karantawa ba, da alamar inda ya tsaya. Jerinka kuwa bai san da zamansa ba. Ka rubuta naka reset(), ka kira super().reset(), wato reset() na asali, a ciki, ka buɗe jerin a can. Shi __init__ na asali ma reset() yake kira, don haka tun farko jerin zai samu.

Mai shagon kwamfuta: Kun gani ko? Tiyar da aka auni wake da ita, sai an kakkaɓe kafin a auni gero, kuma wata rana sai an manta. Ni na taɓa cin karo da shafin da ya yanke cikin script, wato shirin da ke cikin shafin, bai rufe ba, saboda intanet ta tsinke. Ban kira reset() ba, matsincin ya haɗiye shafi na gaba sukutum a matsayin script. Ko kuskure bai nuna ba, fanko kawai ya ba ni. Kwana biyu ina nema.

Malama: Mantuwarka ce, Alhaji, ba laifin tiya ba.

Mai shagon kwamfuta: To me aka ci riba? Ƙera sabon matsinci bai kai ƙiftawar ido ba. Jiran shafi ya sauko, da irin rezo ɗinmu na nan Maradi, shi ke cin lokaci da kuɗin forfe.

Malama: Wannan na yarda, ba don sauri nake faɗa ba. Amma idan yana son jimlar shafukan duka wuri ɗaya, ai tarawar da yake kuka da ita ita ce buƙatarsa.

Ɗan Bagalam: A'a, kowane shafi daban nake so. Na gyara reset() ɗin, amma yanzu sakamakon da na ajiye duka ya koma na shafin ƙarshe!

Malama: clear() ka sa, ko? Jeri ɗaya ne kake ta ajiyewa kana kwashewa. Sa sabon jeri fanko a madadinsa.

Mai shagon kwamfuta: Tarko na biyu ke nan kafin la'asar. Ni dai ban ce komai ba.

Ɗan Bagalam: Bari in gwada duka biyun, in wuta ba ta ɗauke ba.