Obin na gas yana ci amma ba ya ɗaukar zafi

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Obin yana kamawa, amma ko an kai shi digiri 200 zafin bai taka kara ya karya ba, wutar kuma ja-ja ce. Daga ina zan fara dubawa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam Hajiya. Lafiyayyar wutar gas shuɗiya ce. In ta yi ja tana baƙanta ƙarfe, iska ce ba ta isa, ko datti ya toshe hanya. Ki rufe tukunyar gas, obin ya huce, ki ɗaga farantin ƙasa ki goge ramukan da wutar ke fitowa da busasshen buroshi. Ɗan ramin da ke feso gas kuwa, kada ki zura masa allura, da ya faɗaɗa ya lalace. Ki tabbatar ma ramin na gas ɗin tukunya ne, domin na gas ɗin bututu ya fi faɗi.

Amsa ta 2: Ki duba robar ƙofa. Ki maƙale takarda ki rufe. In ta zare ba gardama, a nan zafin ke tserewa.

Amsa ta 3: Kafin a kwance komai, ki sa ma'aunin zafi a tsakiya, ki saita 180, ki jira minti 20. In wutar ta yi shuɗi amma tana raguwa tun zafi bai kai ba, tamostat ne, wato na'urar da ke daidaita zafi, wannan sai mai gyara. In wutar kawunan girki na sama ma ta yi rauni, regileta ce ko tiyo ya lanƙwashe. Yoyo kuma da ruwan sabulu ake gwada shi, ba ashana ba.