Faifan ajiyata ya ƙi buɗuwa, Windows na neman in yi masa fomat

Tambaya: Assalamu alaikum. Faifan ajiya na waje da nake haɗawa da kwamfuta ta USB ya daina buɗuwa. Windows tana neman in yi masa fomat, Disk Management (manhajar Windows mai kula da faifai) kuma tana nuna shi a matsayin RAW, wato ba ta gane tsarin fayilolin da ke cikinsa ba. Akwai hanyar ceto fayilolina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi fomat, kada kuma ka gudanar da chkdsk (umarnin Windows na duba faifai da gyara shi), domin dukansu suna rubutu a kan faifan, kuma hakan na iya lalata abin da ya saura. Fara da sauya kebul da ramin USB, sannan ka duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo, wadda ke karanta bayanan SMART, wato rahoton da faifan ke ajiyewa game da lafiyarsa. Idan ya nuna sassa masu lahani, ka kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani faifan da manhajar ddrescue, sai ka yi aiki da manhajojin ceto fayiloli, TestDisk ko PhotoRec, a kan kwafin kawai.

Amsa ta biyu: Shawarar nan daidai ce muddin faifan bai canja sauti ba. Idan kuwa kana jin ƙas-ƙas a jere, ka cire shi nan take, saboda alama ce ta lalacewar ɗan kan da ke karanta bayanai a cikin faifan, wanda zai iya karce farantan ajiya da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya. Kada ka kwance shi da kanka, ƙura kaɗan ta isa ta ɓata shi. Wannan aikin ƙwararru ne.

Mai tambaya: Na gode. Ba ya ƙara, don haka zan fara da kebul ɗin.