Safar hannun alpaka ta saki bayan wanki, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa, don Allah ku agaza mini.

Ina zaune a Kanada, sanyi ya sa na saƙa wa 'yata safar hannu mai babban yatsa kaɗai, da zaren gashin alpaka (wata dabba ce 'yar dangin raƙumi) zalla na ƙasar Peru, ƙulli biyu masu giram 50. Laushinsa kamar auduga, ga ɗumi, kuma ba ya yi mata ƙaiƙayi irin na ulun tumaki. Na yi da kibiya mai milimita 4, ta zauna mata ɗas.

Wanki ɗaya na yi da hannu a ruwan sanyi, sai bakin safar ya saki. Yanzu da ta ɗaga hannu sai ta zame, jiya ma a cikin ƙanƙara muka tsinto guda. Laifina ne dai, na rataye ta a jiƙe maimakon in shimfiɗa a kan tawul. An ce gashin alpaka ba ya komawa yadda yake idan ya miƙe.

To, in warware bakin in sake da kibiya mai milimita 3, ko in haɗa da ulun tumakin merino? Ga mayafin da na fara wa Hajiyarmu da irin wannan zaren ya kai rabi, na ajiye shi don tsoro.