Ledar da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, wa ya san labarinta?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ma'aikatan asibiti da ke cikinmu ina da tambaya, abin ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ƙanwata ta haihu ranar Talata, Alhamdulillah an samu mace, ni ce a wajenta kuma an bar ni na shiga miƙa kaya. Jaririyar na fitowa sai na ga nas ta zaro wata leda mai tsini ta ƙasa kamar mazurari ta shimfiɗa mata, jikin ledar da layi-layi da lambobi, duk jinin ciki yake taruwa. Ba a jima ba nas ɗin ta leƙa ledar ta ƙwala wa 'yar'uwarta kira, kafin in ankara su uku ne a kanta, ɗaya na murza mata mara, ɗaya na ɗaura ruwa, ɗaya na zuƙo allura, ni kuwa a idona jinin bai kai na tashin hankali ba don ita kanta magana take tana cewa a ba ta shayi.

Abin da ya sa nake tambaya, shekara shida kenan da yayarmu ta rasu wajen haihuwa a wani asibitin daban. Ana ta canza mata zani ana cewa jinin biƙi ne zai tsaya, zani huɗu na jiƙa a bokiti da hannuna, sai da ta fara cewa ƙishi take ji tana ganin duhu sannan aka fara gudun neman jini. Yara uku ta bari. Na san kwana ne ya ƙare, amma ina so in fahimta, wannan ledar sabon abu ce? Kuma wace allura ce suka yi mata?

Ungozomar Leba:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya, Allah ya jiƙan yaya ya sa ta huta. 'Yar'uwa wannan ledar ta awon jini ce, kuma wlh ta sauya mana aiki. A da da ido muke ƙiyastawa, ido kuwa yana yaudara, jini ya shige zani ya shige katifa wani ya gangara ƙasa ya haɗu da ruwa, sai ki ce ɗan kaɗan ne alhali mace ta zubar da ninkin abin da kike zato. Ga shi mace mai ƙuruciya jikinta na daurewa, tana hira da ke tana murmushi har sai ya kai maƙura sannan ta faɗi lokaci ɗaya. Shi ya sa shayin da ƙanwarki ke nema bai sa sun saki jiki ba.

Layin da muke tsoro shi ne na mililita 500, kamar cikin ledar fiya wata ɗaya kenan. In jini ya kai nan ba jira. Ko bai kai ba, in ya wuce 300 kuma bugun zuciyarta ya ƙaru ko awon jininta ya sauka, shi ma mun fara. Kuma abin da kika gani na taruwa su uku da gangan ne. Da can ɗaya bayan ɗaya ake yi, a murza mahaifa a jira, in bai tsaya ba a yi allura a sake jira, lokaci na tafiya jini na tafiya. Yanzu duka ake haɗawa tashi ɗaya, murza mahaifa don ta tsuke, allurar oksitosin mai tsuke mahaifa, allurar tiraneksamik, ƙarin ruwa, sannan a duba ko akwai yagewa ko guntun mabiyiya ya maƙale, in abin ya fi ƙarfinmu a kira likita a shirya tiyata.

Likitan Dare:
Sista ta gama magana, bari in ƙara daga ina abin ya fito don mutane su san ba ra'ayin wani asibiti ba ne. Bincike ne da ake kira E-MOTIVE, sakamakonsa ya fito a watan Mayun 2023 a mujallar New England Journal of Medicine. An yi shi a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 210,000 da suka haihu da kansu ba ta tiyata ba, tare da Jami'ar Birmingham ta Ingila, kuma wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya tamu ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano. An raba asibitocin gida biyu, wasu suka ci gaba da yadda suka saba wasu suka koma duba leda da haɗa magani tashi ɗaya. A masu tsohon tsari, cikin mata 1000 kusan 43 ne suka kai ga mummunan hali, wato zubar da lita ɗaya ko fiye, ko a buɗe ciki saboda jini, ko mutuwa. A masu sabon tsari 16 ne. Abin da ya fi girgiza ni kuma shi ne ganowar, da ido kusan rabin masu zubar jinin kawai ake ganewa, da leda sama da 90 cikin 100. Kenan rabin matan ba wai magani aka rasa musu ba, ba a ma san suna buƙatarsa ba.

Allurar tiraneksamik kuwa tsohon magani ne, wasu mata da miji 'yan Japan, Utako da Shosuke Okamoto, suka samar da shi tun 1962. Aikinsa hana gudan jinin da ya toshe wajen rauni narkewa. Sai a 2017 binciken WOMAN, mata 20,000 a ƙasashe 21 har da Najeriya, ya nuna in an yi ta cikin awa uku da haihuwa tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. In awa ukun ta wuce ba a ga amfaninta ba. Giram ɗaya ne ta jijiya a hankali cikin minti goma, in jini bai tsaya ba bayan rabin awa a ƙara.

Hajiya lokacin rasuwar yayarku wannan tsarin na leda bai fito ba tukuna, kar ki ɗora wa kanki laifi don kin wanke zani ba ki yi ihu ba, abin da aka gaya miki kika yarda da shi.

Direban Zariya Road:
Likita afuwan na shigo zancen mata, amma abin ya shafe ni. Mu kullum a titi muke, sau biyu ina ɗaukar wanda ya yi haɗari a motata jini na zuba har kujera. To in dai allurar nan tana tsayar da jini me zai hana mu saya a kemis mu ajiye a mota, ko matan da ke haihuwa a gida a ajiye musu? Don garinmu kafin ka kai asibiti da daddare sai ka yi awa biyu in an yi ruwa ma ya fi.

Likitan Dare:
Malam tambayarka a kan hanya take, don a kan masu haɗari ma aka fara yin babban gwajinta kafin na masu haihuwa. Binciken CRASH-2 na 2010, mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40, ya nuna tana rage mutuwa, kuma nan ma lokaci ne komai, da aka haɗa alƙaluman binciken biyu an ga duk jinkirin minti 15 yana cinye kusan kashi 10 cikin 100 na amfaninta, bayan awa uku kuwa a masu haɗari har mutuwar ƙaruwa ta yi. Amma dan Allah kar ka saya ka ajiye. Ta jijiya ake yinta, in an tura da sauri awon jini na iya faɗuwa, kuma ba kowane jini take wa aiki ba, an gwada ta a masu aman jini daga ciki a 2020 ba ta rage mutuwa ba sai ma ƙarin daskarewar jini a jijiya da farfaɗiya. Mu kanmu a asibiti an samu inda aka rikita kwalbarta da ta allurar kashe baya aka yi wa mata a ƙashin baya wajen tiyata suka mutu, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2022.

Abin da ke hannunka ya fi allura ma. Ka samu tsumma mai tsafta ka danne wajen da ƙarfi kar ka riƙa ɗagawa kana leƙawa, in ya jiƙe ka ɗora wani a kai, ka rufe shi kar sanyi ya kama shi, kar a ɗura masa ruwa ko madara, kar a zuba ƙasa ko bakin mai a ciwon, ka wuce asibitin da ke da ɗakin tiyata kai tsaye. In ka isa ka faɗa musu ƙarfe nawa abin ya faru, da wannan za mu san ko muna cikin awa ukun.

Ungozomar Leba:
Ga masu haihuwar gida kuma, allurar ba ta tsuke mahaifa, kuma yawancin zubar jinin daga mahaifar da ta saki ne, to ko an yi ta a gida ba a gama komai ba. Har an gwada yi wa mata masu ƙarancin jini ita tun kafin jinin ya ɓalle, mata 15,000 har da 'yan Najeriya a ciki, sakamakon ya fito 2024, ba ta hana ba. Ni abin da ke ci min rai shi ne matan da ke zuwa mana ido fari fat tafin hannu kamar takarda, ba su taɓa zuwa awo ba ko sun karɓi maganin ƙarin jini sun zuba a kwaba wai yana sa jariri girma. Irin wannan ko 300 ta zubar sai ta galabaita. Sannan oksitosin firij yake so, wanda ya kwana a kanta cikin zafin Afrilu ƙarfinsa ya ragu, shi ma dalili ne na kar a saya a ajiye.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai Sista, na gode Likita, wlh sai da na yi kuka da na karanta zancen rabin matan da ba a ganewa. An sallame mu ɗazu, jini leda ɗaya aka ƙara mata, mijinta ne ya bayar. Babbar 'yar marigayiya cikinta wata bakwai yanzu kuma surukarta na so ta haihu a gida, gobe in sha Allah zan je gidan da kaina in kai ta awo, in tambaye su ko suna da ledar nan kafin mu yanki kati.