Ƙanina ya faɗo daga bene a wajen gini, ɗan kwangila ya aiko da takarda wai mu sa hannu

Ɗan Kurna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar gini ko ta doka ku taimaka min da shawara, wallahi kaina ya kulle. Ƙanina birkila ne, yana aiki a wani gini mai hawa uku da ake yi nan cikin Kano, ranar Talatar da ta wuce yana fulastar bango ta waje a hawa na biyu sai katakon da suke tsaye a kai ya karye, ya faɗo ƙasa ya dira a kan ƙafafunsa. Yaron da ke miƙa masa kwaɓi shi Allah ya tsare, ya maƙale a jikin gorar da aka ɗora katakon a kai. Dudduge na dama ya fashe, hannun hagu ya karye wajen wuyan hannu, kuma tun ranar yake kukan bayansa. Yanzu haka muna asibiti.

Ɗan kwangilar ya biya kuɗin hoto da maganin ranar farko, ba zan ci haƙƙinsa ba. To jiya sai ga helumansu da dubu 200 a leda da wata takarda da turanci wai mu sa hannu an sasanta. Baffanmu ya ce mu karɓa ƙaddara ce, ni kuma raina bai kwanta ba, yaron nan matarsa na da tsohon ciki kuma da ƙafar nan yake nemo musu abinci. Wani abokin aikinsa ya raɗa min cewa tun da safe sun yi maganar katakon yana lanƙwasa, aka ce su lallaɓa haka nan. Shin akwai wanda aikinsa ne ya zo ya binciki yadda abin ya faru? Wa ake kira? Ko kuwa mu karɓi kuɗin mu bar wa Allah?

Injiniya_SB

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Ɗan uwa kafin komai kar ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku da Hausa ba, sannan gobe da sassafe ka je wajen ginin nan da wayarka cike da caji, don abin da ke kashe irin wannan maganar shi ne a kwana biyu an kwashe katakan an share wuri, daga nan sai ta koma ka ce na ce.

Ni idan aka kira ni irin wannan aikin, karyayyen katakon nake fara nema, duka ɓari biyun. Bakin karayar ma kaɗai yana ba da labari. Idan duk fuskar wajen fari ne tas, sabuwar karaya ce, nauyi ne ya fi ƙarfinsa. Idan kuma wani sashe ya yi duhu ko da busasshen siminti ya shiga ciki, to dama a tsage yake tun ba yau ba, kuma duk wanda ya ɗaga shi ya ɗora ya kamata ya gani. Sai in duba ko ta kan ƙullin itacen ya karye, ko ta layin ramukan ƙusa, don a nan garin mafi yawa katakon da aka ɓalle daga zubin kankaren bene shi ake maidawa a tsaya a kai, ya sha ruwan kankare ya sha rana an buga masa ƙusa an zare ba adadi. Mai kaurin inci 1 ɗin nan ba na ɗaukar mutum ba ne ko kaɗan. Katakon tsayawa na gaske kaurinsa milimita 38 ne, wajen inci ɗaya da rabi, kuma shi ma ana so ya samu abin da ya tallafe shi duk bayan mita 1.2 zuwa 1.5. Mu kuwa sai ka ga an bar tazarar mita biyu da wani abu, mutum biyu a kai, ga kwanon sarki cike da kwaɓi, wani lokacin har da bulo, bulon inci 9 guda ɗaya kuwa ya kai kilo 20.

Bayan katako sai ƙafafun gorar, a kan me suka tsaya, an ɗaure su da jikin ginin ko a sake suke, akwai abin kariya a gefe daidai ƙugun mutum ko babu. Sai mutane, wa ya kafa, wa ya duba, wa aka gaya wa yana lanƙwasa, da ƙarfe nawa. Shaidu ɗaya bayan ɗaya ake jin su, in ka haɗa su wuri ɗaya duk bakin babba za su bi.

Maganar wa ake kira kuma, Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana da sufetocin kula da lafiyar ma'aikata, kuma tana da ofis a jiha, ka kai musu a rubuce ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. KNUPDA su ne masu ba da izinin gini a Kano. Amma kar ka sa ran kwamitin bincike irin wanda aka kafa da bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi a Nuwamban 2021 ya kashe mutum sama da 40, wannan sai babban abu. Na mutum ɗaya yawanci lauyanku ne zai ɗauko injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ko magini mai rajista da hukumar magina ta CORBON ya duba ya rubuta rahoto ya buga hatiminsa.

Maman Walid

Subhanallah, sannunku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ciwon bayan nan ne ya tsaya min a rai. Duk wanda ya faɗo daga sama ya dira da ƙafa har dudduge ya fashe, ƙarfin bugun yakan bi ƙafa ya haura ya danne ƙashin baya, sau da yawa hankalin kowa na kan ƙafar da ta kumbura a manta da bayan. Ka tambayi likita kai tsaye ko an ɗauki hoton bayan, in ba a yi ba a yi, kuma kar a riƙa zaunar da shi ana tayarwa kafin nan. In ya ce ƙafa tana masa sanyi ko fitsari ya ƙi fita, a take ka kira su. Sannan dan girman Allah kar dangi su matsa a ɗauke shi a kai wajen mai ɗori, karayar dudduge ba irin ta ƙwauri ba ce, ga asibitin ƙashi na Dala nan a garinku. Duk rasit da hoto ka adana a leda ɗaya, kuma ka tabbatar a fayil ɗinsa an rubuta a wajen aiki ya faɗo.

Tsohon Magini

Yaro Allah ya ƙara sauƙi. Na ji bayanin Injiniya kuma gaskiya ya faɗa, amma bari in gaya maka yadda abin yake a ƙasa, don a kan katakon nan gashina ya yi fari. Abin da ɗan kwangilar zai fara cewa shi ne ai ba ma'aikacinsa ba ne, jinga ya bayar. Mai gini ya ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ba heluma jingar fulasta, heluma ya kwaso yara daga bakin titi da safe a biya su da yamma, babu suna a takarda ko ɗaya. Na biyu zai ce ai su birkilolin ne suka kafa abin da hannunsu, kuma yawanci haka ne, mu muke kafawa, sai dai da abin da aka ba mu muke kafawa, in ka ce a sayo sabon katako a ce ka cika tsirfa, gobe a kira wani.

Mu ma muna da namu, ban ɓoye ba. A ba yaro hular kwano ya ce zafi, ya hau hawa uku da silifas yana amsa waya. Amma hula ba ta hana katako karyewa.

Ni dai shawarata kar ku fara da kotu, yaron nan in ya warke cikin mutanen nan zai koma neman aiki, kuma wanda ya raɗa maka maganar nan ba lallai ya maimaita ta a gaban heluma ba, shi ma yana da iyali. Ku samu shugabannin ƙungiyar magina na yankinku da mai unguwa a zauna da mai ginin kansa, ba ɗan kwangila ba. Dubu 200 dai ta yi kaɗan, ko aikin duddugen ba za ta yi ba.

Sadauki_Abuja

Baba Allah ya ƙara girma, zaman sulhu ba laifi ba ne, amma maganar jinga da ta su suka kafa da hannunsu ba ta kore haƙƙinsa a doka. Na yi aiki a sashen ma'aikata na wani kamfanin gine-gine, mun sha cike takardun nan. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, ta haɗa har da mai aikin wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Kuma ba ta tambayar laifin wa, abin da take so shi ne a tabbatar a bakin aiki aka ji ciwon. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, ba a cirewa daga kuɗin ma'aikaci.

Ɗan Kurna ka kula da lokaci sosai. Kwana 14 ake da shi a sanar da mai aikin, ka yi a rubuce da suna da rana da wuri da irin raunin ko da ya riga ya sani, shi kuma kwana 7 gare shi ya kai rahoto hukumar, sannan neman diyyar cikin shekara ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan 'yan kwangila da yawa ba su yi rajista ba sam, to ka je ofishin hukumar na Kano da kanka ka tambaya. Akwai kuma batun inshora, tun a dokar inshora ta 2003 aka wajabta wa mai gina abin da ya haura hawa biyu ya yi inshorar da za ta biya ma'aikaci ko mai wucewa in sakacin aikin ya raunata shi, to a wajen zaman a tambayi mai ginin ina tasa. In abu ya ƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, kuma tana zama a Kano. In ba kuɗin lauya ka gwada Legal Aid, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali da lauya.

Ku gaya wa Baffa cikin ladabi, sulhun ma ya fi daɗi bayan likita ya faɗi ko ƙafar za ta koma hawa sama ko ba za ta koma ba, yanzu ba wanda ya san nawa jinyar za ta ci.

Ɗan Kurna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya an ɗauki hoton bayan ɗazu, muna jiran likita ya gani. Injiniya na je da asuba, wallahi kamar ka sani, an riga an warware gorar an jingine, ɓari ɗaya na katakon mai abincin wajen ta hura wuta da shi, amma yaron nan mai miƙa kwaɓi ya ɓoye ɗayan a bayan tulin yashi ya ba ni. Siriri ne, ga ramukan ƙusa a jere, kuma rabin bakin karayar baƙi ne. Yana gidana yanzu. Kuɗin na maida wa heluma na ce sai mun zauna da mai gini, bai ji daɗi ba. Ɓari ɗaya zai wadatar?

Injiniya_SB

Zai yi amfani sosai. Kar ka wanke shi kar ka kankare bakin, ka naɗe shi ka ajiye inda ruwa ba zai taɓa ba. Ka ɗora tef a kansa ka ɗauki hoton kauri da faɗi da bakin karayar da hasken rana, ka rubuta ranar da aka ba ka da wanda ya ba ka. Sannan ka koma ka ɗauki hoton bangon daga ƙasa, inda sabuwar fulasta ta tsaya zai nuna daidai tsayin da ya faɗo, kuma in sun zura sanduna a jikin bulo ramukan suna nan sai a auna tazarar. Ka yi yau kafin su shafe su da fulasta.